Filin Kimiyya: In Mai Ɗinki Ya Ce A Koma Wurin Tafinta

Duk wanda ya taɓa kwana gaban kwamfuta mai aiki da Linux yana harhaɗa manhaja ya san wannan takaici. Aiki ya yi nisa, fayiloli ɗari da wani abu sun wuce lafiya, sai a gaɓar ƙarshe na'ura ta tsaya cak, ta ambaci wani abu wai shi R_X86_64_32, ta ce ba ya yiwuwa cikin rumbun tarayya, a sake fassarawa da -fPIC. Da yawa sukan ɗauka kwamfutar ce ta lalace, alhali kuwa ta faɗi ciwon, ta kuma faɗi maganinsa.

Ma'aikata biyu ne ke wannan aiki. Na farko tafinta, watau irin su GCC da Richard Stallman ya fitar a 1987, wanda ke mai da rubutun ɗan Adam harshen na'ura. Na biyu mai ɗinki, wanda ke tattara guntayen da tafinta ya yanka ya haɗa su riga guda. Shi kuwa rumbun tarayya, wanda sunansa ke ƙarewa da .so, tarin umarni ne da manhajoji da yawa ke ɗiba daga kwafi ɗaya tak. To, ba shi da mazaunin dindindin cikin ƙwaƙwalwar na'ura. Inda aka sami fili nan ake sauke shi. Tun 2005 ma Linux ke sauya masa masauki da gangan, don kada ɓarayin intanet su san inda za su same shi.

Nan ne gizo ke saƙar. In tafinta ya rubuta cewa kaya suna gida mai lamba kaza, ran da unguwar ta tashi kwatancen ya ɓaci. In kuwa ya ce suna gida na uku daga inda mutum yake tsaye, ko ina aka koma kwatancen yana nan daram. Wannan na biyu shi ne aikin -fPIC. Abin da yake wajen rumbun kuma sai a bi ta wani ɗan jadawali mai suna GOT, wanda ake cikawa lokacin da manhaja ta tashi.

A zamanin na'urori masu bit 32 akan yi wa mai sakaci afuwa: a bi rubutun a gyara adireshi ɗaya bayan ɗaya lokacin lodi, ko da yake shafukan da aka taɓa sun daina zama na tarayya ke nan. Da kamfanin AMD ya fito da tsarin bit 64 a 2003 sai afuwar ta ƙare, domin gurbi mai bit 32 ba ya ɗaukar adireshin da ya wuce gigabait 4, rumbun kuwa akan sauke shi can nesa da haka. Android ma, daga fitowa ta 6 a 2015, ta daina karɓar irin wannan faci daga sababbin manhajoji.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne su liƙa -fPIC a layin mai ɗinki kaɗai, sa'an nan su yi mamakin saƙon bai gushe ba. Ai umarnin na tafinta ne. Tilas a share tsofaffin fayilolin .o da make clean a soma daga tushe.

Sau da yawa kuma laifin ba na rubutun mutum ba ne, na wani rumbu ne mai ƙarewa da .a da ya jawo ciki. Shahararren misali shi ne masu haɗa mod_wsgi domin Apache ta gudanar da Python: in an gina Python ba tare da --enable-shared ba, abin da ke hannu libpython ne mai .a, mai ɗinki kuwa ya ƙi shi ƙememe. Sunan fayil mai laifin yana nan a farkon saƙon, ga mai haƙurin karantawa, kuma shi za a sake ginawa. Mai aiki da CMake ya kunna CMAKE_POSITION_INDEPENDENT_CODE, mai FFmpeg ya sa --enable-pic.

A lura da wani ɗan'uwansa, -fPIE. Ubuntu tun 2016, Debian kuma tun 2017, suna kunna shi da kansu, har wasu suka zaci magana ta ƙare. Amma fa wannan na manhaja ne mai cin gashin kanta, bai wadatar wa rumbun tarayya ba. Bayan an gama gini, a duba rumbun da readelf -d. In kalmar TEXTREL ta bayyana, to da sauran wani fayil da ya sulale ba tare da -fPIC ba.