Fasahar Zamani: Kada Lambar i7 Ta Ruɗe Mu

A wannan wata za mu tattauna ne a kan sayen kwamfutar cinya, wadda samari ke kira laftof, domin yanzu da wuya a sami gida a Zango da wannan magana ba ta taso ba. Yaro ya sami shiga Legon ko KNUST ko UDS ta Tamale, malamai sun ce sai da kwamfuta, uwa ta kwashe adashinta, uba ya ƙara da abin da ya samu, kawu ya turo nasa daga waje. Sai a ɗunguma zuwa Circle a Akra ko Adum a Kumasi, mai shago ya ɗaga wata mai sheƙi ya ce, "Alhaji, wannan i7 ce, babu sama da ita." Da jin haka sai a ƙirga kuɗi a miƙa. To, a nan ne dukiyar mutane da yawa ke salwanta, shi ya sa muka ga ya kamata mu warware wa juna abin da waɗannan lambobi ke nufi.

Da farko dai, i3 da i5 da i7 sunayen furosesa ne, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin duk abin da kwamfuta ke aiwatarwa. Kamfanin Intel na Amurka ne ya fito da i7 a 2008, sannan i5 a 2009, i3 kuma a 2010, ita kuwa i9 ba ta shigo kwamfutar cinya ba sai a 2018. Waɗannan sunaye aji suke nunawa, i3 na ƙasa, i5 na tsakiya, i7 na sama. Amma kusan kowace shekara kamfanin kan yi sabon zubi, wanda 'yan kasuwa ke ce wa janareshan, kuma kowane zubi yana da nasa i3 da i5 da i7. Ke nan fifikon i7 a kan i5 yana tsayawa ne tsakanin 'yan zubi ɗaya. Yaron da ya zo na ɗaya a aji uku na firamare ai ba zai kama ƙafar wanda ya zo na goma a sakandare ba.

Yaya ake gane zubi? Ana gane shi ne daga lambobin da ke biye da sunan. Idan muka ga i5-8250U, lambar farko, wato 8, ita ce zubin. Haka i7-4600U zubi na 4 ne, na shekarar 2013, i7-6600U kuma na 6 ne, na 2015. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu na farko ake karantawa: i5-10210U na 10 ne, na 2019, i5-1135G7 na 11 ne, na 2020, i5-1235U kuma na 12 ne, na 2022. Duk mai shagon da ya ce "i7 ce" ya yi shiru, rabin magana ya faɗa. Mu tambaye shi cikakkiyar lambar, ai matambayi ba ya ɓata.

Shekarar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce 2017. A cikin kowace furosesa akwai sassa masu aiki kowane da kansa, kwamfuta tana rubuta su da sunan Cores, mu kuma bari mu kira su hannuwa. Kafin 2017, siraran kwamfutocin ofis da suka cika kasuwanninmu hannu 2 suke da shi, ko da i7 ce. Da zubi na 8 ya fito a watan Agusta na 2017 sai Intel ya ninka su zuwa 4. Ga misali a fili: i7-7500U ta 2016 hannu 2 gare ta, ita kuwa i5-8250U ta 2017 hannu 4 gare ta, alhali wuta ɗaya suke sha, wat 15. Idan aka buɗe shafukan intanet da yawa, ga Word, ga Excel, ga darasi ta Zoom, i5 ɗin nan za ta bar i7 ɗin a baya, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kazalika i3-1215U ta 2022, wadda mai saye zai raina don ya ga i3, hannu 6 gare ta, kuma ta fi su ƙarfi su duka biyun.

Akwai dalili na biyu da ya sa zubi na 8 ya zama iyaka, wanda ya ma fi na farko muhimmanci. Kamfanin Microsoft ya fitar da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ya kuma gindaya sharaɗin cewa furosesar Intel ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, in ban da wasu 'yan ƙalilan. Sannan a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya daina bai wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kyauta da aka saba, sai dai wani ƙarin wa'adi na shekara ɗaya ga wanda ya yi rajista. Wannan ne ya sa ofisoshi a Turai da Amurka suka yi ta sauke tsofaffin kwamfutocinsu, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa, wato a shagunan gwanjonmu. Masu gyara sun san dabarar cusa Windows 11 a tsohon inji, kuma takan tashi ta yi aiki, amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aika wa irin wannan inji gyare-gyare ba. Wanda zai riƙa shiga asusun banki ko harkar kuɗin waya da kwamfutarsa, ya yi tunani a kan wannan. Wanda kuma ya riga ya mallaki tsohuwa, kada ya jefar, ana iya sa mata Ubuntu ko Linux Mint, kyauta ne, kuma suna tafiya lafiya a tsohon inji.

Sai kuma harafin da ke ƙarshen lambar, wanda mutane ba su cika kula da shi ba. Harafin U yana nufin mai tsimin wuta, kimanin wat 15, batirinta kan daɗe, ba ta da nauyi. Harafin H yana nufin mai ƙarfi, kimanin wat 45, tana da kauri, fankarta na ƙara, batirinta kuma ba ya jimawa. Harafin Y kuwa shi ne mafi rauni, an yi shi don 'yan siraran da wasunsu ko fanka ba su da ita. Saboda haka i5-8300H ta fi i7-8550U jure aiki mai nauyi na dogon lokaci, ko da yake 'yan zubi ɗaya ne. Amma duk wanda ya ɗanɗana dumsor ya san darajar batirin da zai kai mutum ƙarshen lacca. Ɗalibin da aikinsa rubutu da karatu ne, U ta fi masa alheri.

To, idan zubi ɗaya ne kuma harafi ɗaya, shin ƙarin kuɗin i7 ya cancanta? Sau da yawa bai cancanta ba. Mu duba i5-8250U da i7-8550U: dukkansu hannu 4, ta farko gudunta kan kai 3.4 GHz, ta biyu 4.0 GHz. Wannan gudu na ƙoli kuwa furosesa ba ta daɗewa a kansa, da zarar ta yi zafi sai ta sassauta da kanta don kada ta ƙone. A ƙasa mai zafi irin tamu, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka, bambancin kan ƙara tsukewa har mai aiki ya kasa gane shi. Gara a ɗauki wannan ƙarin kuɗi a zuba a wurare biyu. Na farko RAM, wato teburin da kwamfuta ke baje aikinta a kai: kada ta gaza 8GB, idan da hali 16GB, kuma a tambaya ko ana iya ƙarawa, don a wasu injina a like take. Na biyu ma'ajiya: a tabbata SSD ce, ba tsohon faifai mai juyawa ba. Kwamfuta mai i5 da SSD za ta tashi ta fara aiki tun mai i7 da tsohon faifai tana miƙa.

Ba Intel kaɗai ke kasuwa ba. Kamfanin AMD yana da Ryzen 3 da 5 da 7, kuma babu dalilin gudunsu. Ryzen 5 4500U ta 2020 hannu 6 gare ta, Ryzen 7 4700U kuma 8. A kwamfutar cinya, a nemi daga jerin 3000 zuwa sama saboda Windows 11. Sai dai a jerin 7000 lamba ta uku ce ke nuna sabuntar ƙira, shi ya sa Ryzen 5 7520U mai hannu 4 ba ta kai 7530U mai hannu 6 ba, duk da sunayen sun yi kama. Har ila yau a kula da sababbi fil a kwali masu araha da ke ɗauke da Celeron, irin su N4020 mai hannu 2, galibi da RAM 4GB. Araha ba ta ado, tsohuwar i5 ta zubi na 8 mai lafiya ta fi su nesa ba kusa ba. Masu sha'awar MacBook kuma su sani cewa Apple ya koma furosesarsa ta kansa, M1, tun Nuwamba 2020, kuma a 2025 ya sanar cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe ga masu Intel. Shi ma Intel a Disamba 2023 ya fito da sabon suna, Core Ultra 5 da 7 da 9, babu harafin i, don haka wanda ya ga wannan kada ya ɗauka jabu ce.

Daidai ruwa daidai tsaki. Ga ɗalibin shari'a, ko aikin jinya, ko harkar kasuwanci, da ɗan kasuwa mai lissafin kaya, da malamin makaranta mai shirya jarrabawa, i5 ta zubi na 8 zuwa na 11 mai U, da RAM 8GB da SSD, ta wadatar. ThinkPad T480 da Latitude 5490 da EliteBook 840 G5, duk na 2018, suna cikin wannan sahu, sai dai a duba da kyau, don wasu daga cikinsu furosesar zubi na 7 aka sa musu. Ɗalibin injiniya ko zanen gine-gine mai aiki da AutoCAD, da mai haɗa bidiyon biki, su ne ke bukatar H, da RAM 16GB, da katin hoto na daban. Wanda kuma ke da ƙarfin sayen sabuwa, i5 ta zubi na 12 zuwa sama ko Ryzen 5 mai hannu 6 za ta yi masa shekaru.

A ƙarshe, ba a cinikin biri a sama. Takardar da aka manna a jikin kwamfuta ana iya ɓare ta a manna wata, don haka a sa mai shago ya kunna injin a gabanmu. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga Performance, a taɓa CPU, nan za a ga cikakken suna da yawan hannuwa, a ƙasa kuma ga RAM da irin ma'ajiyar. A cire caja a bar ta tana nuna bidiyo na ɗan lokaci, a ga yadda batiri ke sauka, a kuma saurari fanka. A rubuta cikakkiyar lambar furosesa a jikin rasit tare da kwanakin garanti. Mai gaskiya ba zai ƙi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, wanda ya ƙi kuwa, ga shago na gaba. Sayen nagari mayar da kuɗi gida.

Allah Ya sa wa dukiyarmu albarka, Ya ba yaranmu ilmi mai amfani. Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba, idan Allah Ya kai mu.