Manhajar shari'a: Wa zai riƙe bayanan bayan ɗan kwangila ya tafi?

Idan aka kama mutum a Auyo ko Guri bisa zargin fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumin yanke masa hukunci. Sai ta tura shi gidan gyaran hali na Hadejia, fayil ɗinsa kuma ya nufi Ma'aikatar Shari'a a Dutse neman shawarar lauyoyin gwamnati. A nan watanni ke shuɗewa. Dokar ACJA ta 2015 ta ƙayyade kwana 14 a tsarewar farko, Jigawa ma ta yi irin dokar a 2019, amma har yanzu kusan kashi biyu cikin uku na fursunonin Najeriya jiran shari'a suke.

Wannan giɓin ake fatan manhajar kwamfuta ta cike, irin NCMS da majalisar alƙalai ta NJC ta ɓullo da ita, wadda Borno ta yi nisa da ita.

Sai dai sayen kwamfuta shi ne mai sauƙi. Kafin Hukumar Due Process ta Jigawa ta amince da kowace kwangila, ya kamata a rubuta ƙarara cewa bayanan mallakin gwamnati ne, kuma manhajar za ta haɗa 'yan sanda, ma'aikatar da gidan yari, ba kotu kaɗai ba.

Ga kuma ruwa. Ambaliyar 2022 ta mamaye garuruwan masarautar Hadejia, ta Maiduguri kuwa a 2024 ta rusa katangar gidan yari, fursunoni 281 suka tsere. Bayanan da ke cikin kwamfuta ɗaya a ofishin rajista, ruwan zai ci su kamar yadda yake cin takarda.