Garwashin da muke kwana da shi

Sanyi ya kama, kuma daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi kowa ya san abin da ke biyo baya. Da an idar da sallar isha'i sai a tura ƙyaure, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa, a jawo kaskon gawayi kusa da shimfiɗar yara. Mai janareto kuwa ya kinkimo abinsa zuwa zaure, don a wannan zamani na ɓarayi da 'yan bindiga ba wanda zai bar kayansa a waje. Ban ga laifin tsoron ba. Laifinmu shi ne rashin sanin abin da muka kulle kanmu da shi.

Gawayi, fetur ko dizal, duk abin da ya ci wuta a wurin da iska ba ta zagayawa yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta ko sa tari. Jini kuma yana cafke ta fiye da yadda yake cafke iskar da ke raya mu sau sama da 200. Nan ne uwa mai kula take ruɗuwa: sai ta fifita gawayin a tsakar gida, ta jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi ja zur, sannan ta shigo da shi ɗaki da zaton haɗari ya wuce. Garwashin nan kuwa bai daina aikinsa ba har gari ya waye.

Alamun shaƙar iskar su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Idan mutanen ɗaki guda suka tashi da su lokaci ɗaya, kuma suka ji sauƙi da sun fita waje, ba maleriya ba ce. Amma mu sai mu ce tuwon jiya ne, ko iskokai, ko an yi wa gidan sammu. In abin ya zo da ƙarar kwana, kafin azahar an kai mutum makwancinsa, kaskon kuma yana nan a ɗaki.

Mutanen wannan yanki ba baƙin gubar da ido ba ya gani ba ne. A 2010, lokacin da yara ke ta mutuwa a Dareta da Abare da 'Yargalma, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gano dalma ce daga dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka tafi. Ko yanzu masu haƙar zinariya na kunna injin zuƙar ruwa a bakin rami, wani lokaci ma a cikinsa, hayaƙin na taruwa inda suke aiki.

A Turai, masu kwana a motocin yawon shaƙatawa da ake ɗumamawa da dizal suna maƙala 'yar na'ura mai ƙara idan iskar kabon monoksaid ta taru. Mu ba ta kai ƙauyukanmu ba tukuna, amma muna da limaman Juma'a da hakimai da rediyo. Su faɗa wa jama'a a fitar da kasko kafin barci, a ƙara bargo. Janareto a ɗaure shi da sarƙa a fili, nesa da taga kamar taku bakwai. Wanda aka samu a sume a fito da shi iska, a nufi asibiti. Ma'aikacin lafiya kuma, kafin ya miƙa maganin zazzaɓi ga iyalin da suka zo tare, ya tambaye su da me suka ɗumama ɗaki jiya da dare.