"Aiki ya yi kyau" ba ta nufin an warke

1/ Jama'a, akwai wata ɗabi'a tamu da ta ishe ni. A tara wa mara lafiya kuɗin dashe, a sa hotonsa a Facebook, "Alhamdulillah, aiki ya yi kyau", kowa ya watse. Bayan wata shida a ji ya rasu, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, amma sakacin namu ne. Ku biyo ni.

2/ Mu ɗauki huhu, don shi ya fi nuna matsalar. Mutum na farko da aka yi wa dashensa a Amurka a 1963 kwana 18 ya yi. Sai a 1983 a Toronto aka samu wanda ya shekara da shekaru. Har yau, a manyan asibitocin duniya, waɗanda ke wuce shekara biyar ba su fi rabi da ɗan kaɗan ba. Ƙoda tana ɓoye a ciki, huhu kuwa duk numfashi sai ya sha ƙura da hayaƙi.

3/ Jiki yana ɗaukar sabon huhu a matsayin baƙo, garkuwar jiki ta far masa. Sai a danne ta da magani irin su tacrolimus da prednisolone, kullum, har ƙarshen rayuwa. Ka danne ta, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Ka sassauta, jiki ya ƙi dashen. Gaba kura, baya sayaki.

4/ Abin tsoron: alamun duka biyun iri ɗaya ne. Zazzaɓi, tari, numfashi sama-sama. Maganinsu kuwa kishiyoyi ne. To ta yaya mai kemis zai bambance da ido? Amma mu da an ji jiki ya yi zafi, "maleriya ce da taifot, a ɗaura masa ruwa".

5/ Idan jiki ya fara ƙin dashen farat ɗaya kuma aka gano da wuri, galibi ana shawo kansa da allurai masu ƙarfi na 'yan kwanaki. Wanda ke cin huhu a hankali, hanyoyin iska suna tsukewa, shi ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Mako biyun da aka ɓata ana "bari mu gani" na iya zama bambancin.

6/ Kar wani ya ce mu ina ruwanmu da dashen huhu. Asibitin Malam Aminu Kano yana dashen ƙoda tun 2002, wasu kuma ana kai su Indiya da Masar. Maganin ɗaya ne, haɗarin ɗaya ne. Mutumin Gwaram da aka yi wa dashe, kowane gwajin jini kuɗin mota ne: Gwaram zuwa Birnin Kudu, daga nan Kano. Wa ya sa wannan a lissafin gudummawa?

7/ Ga wanda ya kamata kowa ya sani: rifampicin, da ke cikin maganin tarin fuka, yana zubar da ƙarfin tacrolimus a jini sosai. Mai dashe ya fara shi ba da sanin likitansa ba, yana maganin tari yana rasa dashen.

8/ Sai 'yan dubiya. Mutum ashirin a ɗaki ɗaya, wani da mura, ga turaren wuta, kowa sai ya yi musabaha. A ce a sa takunkumi, a ce ana wulaƙanta dangi. Ga gwaggo da jarkar tsimi, wai yana "ƙara garkuwar jiki". Gwaggo, garkuwar ce fa ake biyan kuɗi a danne!

9/ Ku masu buɗe asusun taimako, da ku nake. Kuna rubuta kuɗin aiki da na jirgi ku tsaya. Ku rubuta na maganin shekara guda, da na gwaji, da sunan likitan da zai riƙa bibiyarsa, ko a FMC Birnin Kudu ko a Kano. In ba ku rubuta ba zan tambaya a ƙarƙashin rubutun, ku ji haushi in kun ga dama.