Wuƙar Likita Ba Ta Ɗaukar Alkawari

A N'Djamena, macen da ta yi shekaru tana murƙususu da ciwon mara, ana ce mata ta yi haƙuri haihuwa za ta raba ta da shi, ranar da aka ambata mata tiyata ji take kamar an buɗe mata ƙofar kurkuku. Dangi su haɗa kuɗi, a sayar da 'yan kunne da tumaki, wasu har su ƙetare gadar Ngeli zuwa Kamaru. Duk wanda ya ce mata a wannan hali, "Ana gama aikin nan kin rabu da ciwo," ya zalunce ta, ko likita ne ko uwar miji.

Cutar da likitoci ke kira endometiriyosis tsirowar nama ce mai kama da shimfiɗar cikin mahaifa a wajen mahaifar, ya riƙa kumbura duk wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana damun mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, wajen miliyan 190, kuma har yau babu maganin da ke kawar da ita ɗungurungum.

Tiyata tana da amfani, amma da iyaka. A 1994, a garin Gilfod na Ingila, an gwada mata 63: wasu aka ƙone musu tsiron, wasu aka leƙa cikin kawai aka rufe, ba tare da sun san wanne aka yi musu ba. Bayan wata shida, kusan kashi 62 cikin ɗari na rukunin farko sun sami sauƙi, na biyu kuwa kusan kashi 23. Wato cikin goma da aka yi wa aikin gaske, kusan huɗu sun koma gida da ciwonsu.

Abin da ke ɗaure kai shi ne girman tsiro ba ya nuna girman azaba. An kasa cutar mataki huɗu, amma mai ɗigo biyu-uku tana iya kasa miƙewa, mai mataki na huɗu kuma sai neman haihuwa ya kai ta asibiti. Abin da ya fi haska gaba shi ne yanayin ciwon kansa. In ya daina jiran al'ada ya zama na kullum, ya bazu zuwa baya da cinya, to jijiyoyi sun riga sun saba kai saƙon zafi, kuma wuƙa ba ta yanke sabo.

Wannan bayani bai fi na minti goma ba, da Larabcin Chadi ko da Hausa, amma sau da yawa sai a haɗiye shi don kada mara lafiya ta karaya. To, karayar ai tana nan tafe. Ciwo ya dawo bayan shekara ɗaya ko biyu, 'yan kunne sun tafi, sai a ce raki gare ta, ko kuma a ce iska ce, a nufi gidan mai ruƙiya da ita.