Oba-oba a Kasuwa: Kafin Mu Saya, Wa Zai Saita Ta?

Idan ba mu manta ba, a watan Agustan 2023 Najeriya ta katse wa Nijar wutar lantarki, salula ta riƙa mutuwa a hannunmu a nan Yamai. Shi ya sa ba ma ganin laifin ɗan kasuwar da ke son rediyon oba-oba tsakanin shagonsa na Maourey da mai gadinsa a Babbar Kasuwa. Ba ta cin kati, ba ruwanta da rezo.

To amma fa sayenta daban, saita ta daban. Ɗauki Baofeng UV-5R ƴar ƙasar Sin: tana magana daga mita 136 zuwa 174, da kuma 400 zuwa sama, tana riƙe tashoshi 128. Da kwamfuta da waya ake zuba mata su. Idan mai gyara ya zuba lambobi da ka, kana iya faɗawa kan layin jami'an tsaro ba ka sani ba. A halin da ƙasa ke ciki, wa zai saurari uzurinka? Mitoci dukiyar gwamnati ne, hukumar ARCEP da aka kafa a 2018 ce ke raba su.

Ga wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Lambar da suke kira ta sirri ba ta ɓoye magana, hayaniyar wasu kawai take tare maka. Hajiya, in kika faɗa wa yaronki jika nawa ke cikin akwati, duk mai irinta a kusa yana iya ji.

Mu dai a ganinmu, shugabannin kasuwa su nemi mita guda a hukumance, amintaccen mutum ɗaya ya saita wa kowa.