Wanne ne abin tsoro?

Manta wani irin kifi ne na teku. Jikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai. Faɗinsa yana kai metir 7, nauyinsa kuwa ya fi kilo 1000. A goshinsa akwai wasu abubuwa biyu masu kama da ƙaho. Shi ya sa Faransawa ke kiran sa "shaiɗanin teku".

A cikin dazuzzukan Turai kuma akwai wata laimar kwaɗi da ake kira amanit faloyid. Tana tsirowa gindin manyan itatuwa. Malafarta kore-kore ce, faɗinta bai cika wuce santimetir 15 ba. Ga ta da kyaun gani.

In aka ajiye hotunansu gaban yaro, aka ce wanne ne mugu, manta zai nuna. To, ya yi kuskure.

Manta ba ya cizo, ba ya harbi irin na kunamar ruwa. Bakinsa yake buɗewa yana iyo, yana tace mitsi-mitsin halittu daga cikin ruwa. Abincinsa ke nan. Shi ne ma ya kamata ya ji tsoron mutum. Tamatar ɗa guda take haihuwa, bayan cikin wajen shekara ɗaya, masunta kuwa suna ta kamun su. A shekarar 2020 aka sa shi cikin jerin dabbobin da ake gudun su ƙare.

Ita kuwa laimar, rabin malafarta ya isa ya kashe babban mutum. Dahuwa ba ta kashe dafinta. Wanda ya ci ta ba ya jin kome sai bayan awa 6 ko fiye, sannan amai da zawo su taso. Can sai ya ji sauƙi, ya ce ya warke, alhali dafin na cin hantarsa.

Saboda haka ido ba alƙali ba ne. Girma da muni ba su ne mugunta ba. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Da damina laimar kwaɗi na tsirowa a gonaki da bakin jibji. Wata ana cin ta, wata na da dafi, kuma sukan yi kama da juna. Yaro mai hankali ba ya kai wadda bai sani ba baki. In kuwa ƙanensa ya ci, sai ya gaya wa manya a kai shi likita nan da nan, kada a jira ciwo ya bayyana.